Gyaran Manhajar Kwamfuta Idan Ta Lalace: Kada Garin Gyaran Gira A Rasa Ido

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare daga Jangeru ya gabatar a taron reshe

  



An ɗora mini nauyin yin bayani a kan wata matsala da ta zama ruwan dare a ofisoshin makarantunmu, wato yadda manhajar kwamfutar tebur kan lalace ta ƙi aiki, da abin da malami zai iya yi da hannunsa kafin ya nemi mai gyara. Abin da nake so mu tashi da shi daga wannan zama guda ɗaya ne. Manhaja idan ta lalace ana gyara ta, in ta ƙi gyaruwa a cire ta a sa wata. Amma rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawarsu, idan aka goge su babu kwafi, babu kasuwar da za a je a sayo su. Don haka gyara yana da tsari, ana farawa da mai sauƙi kafin a kai ga mai nauyi. Fomatin kuwa, wato share duk abin da ke cikin kwamfuta a fara sabon lale, wanda mutane da yawa suka mayar matakin farko, shi ne mataki na ƙarshe.

Wani zai ce, mu da muke fama da ƙarancin benci da alli, ina ruwanmu da wannan? Amsar ita ce aikin ya riga ya iske mu har gida. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan a kan kwamfuta, kuma yaran da muke koya wa baƙi da wasali a yau can za su dosa. Tun 2017 Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa take gudanar da jarrabawar tantance ƙwarewar malamai a kan kwamfuta. Jerin sunayen ɗalibai, da ƙididdigar da ofishin Sakataren Ilimi ke nema, da takardun neman ƙarin girma, duk a buge ake son su. Makarantar da ta mallaki kwamfuta ɗaya tak, wannan ɗayar ita ce rumbunta. Sannan kowa a nan ya san halin da hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura Namoda take ciki, balle a ce har Gusau. Bai kamata malami ya ɗora kwamfuta a mota ya jefa ransa cikin haɗari saboda matsalar da za a iya warwarewa cikin rabin sa'a a ofishin hedimasta ba.

Domin mu fahimci juna, mu kwatanta kwamfuta da makaranta. Akwatin ƙarfen da abin da ke cikinsa su ne ginin makaranta. Babbar manhaja, wadda a wurinmu galibi Windows ce, ita ce hedimasta, domin ita ke raba wa kowa aiki da lokaci. Ƙananan manhajoji irin su Word ta rubutu, da Excel ta lissafi, da Chrome ta shiga intanet, su ne malaman aji, kowa da darasinsa. Fayilolin da muka rubuta muka ajiye su ne rajista da littattafan yara. Idan aji ɗaya ya rikice, mai hankali yakan bincika ya gani ko littafin ne ya yage, ko malamin ne ba shi da lafiya, ko daga ofishin hedimasta matsalar take, ko kuwa rufin ne ke yoyo. Mai gaggawar fomatin shi ne wanda ya kori hedimasta da malamai duka, ya kuma cinna wa rajista wuta, saboda aji ɗaya ya yi hayaniya.

Me ke lalata manhaja a yanayi irin namu? Babban dalili shi ne yankewar wuta ba zato. Manhaja tarin fayiloli ce masu dogaro da juna, kuma tana yi musu rubutu a kai a kai. Idan wuta ta ɗauke, ko man janareta ya ƙare, ko batirin sola ya sauka tana tsakiyar rubutu, sai fayil ya zauna rabi da rabi. Gobe in ta zo karanta shi ta tarar da shi guntu, sai ta daskare ko ta rufe kanta. Na biyu, ƙurar hunturu da zafin bazara. Ƙura takan toshe fankar da ke sanyaya cikin akwatin, zafi ya taru, kwamfuta ta riƙa nauyi ko ta kashe kanta, wanda kuma tamkar yankewar wuta ne. Na uku, ƙwayar cutar kwamfuta da ke biyo filashi daga shagunan buga takardu. Na huɗu, manhajar sata da aka ɓalle wa makulli. An taɓa cikinta tun kafin ta iso gare mu, kuma sau da yawa da cutarta take zuwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na biyar, cikar faifan ajiya ko tsufansa.

Kafin a taɓa komai, akwai aikin da ya zama wajibi. Muddin kwamfutar tana kunnuwa, a kwashe muhimman fayiloli a zuba a filashi mai tsabta. A duba jakunkunan da aka rubuta wa Documents da Desktop da Downloads, domin nan ne yawancinmu ke zuba aiki. Bayan an kwafa, a buɗe biyu ko uku daga cikin filashin a tabbatar suna buɗuwa. Wanda ya yi wannan, duk abin da ya biyo baya ba zai tayar masa da hankali ba.

Mataki na farko shi ne gano inda ciwon yake, kuma da tambayoyi ake gano shi. Fayil ɗaya ne ya ƙi buɗuwa, sauran suna buɗuwa? To fayil ɗin ne ya samu rauni, manhajar lafiyarta ƙalau. Duk fayilolin Word sun ƙi, amma Excel tana aiki? To Word ce. Manhajoji da yawa ne ke rikicewa lokaci guda? To a zargi Windows, ko ƙwayar cuta, ko faifan ajiya. A kuma tambaya: me aka yi wa kwamfutar kafin ta fara haka? An sa sabuwar manhaja? An soka baƙon filashi? Wuta ta ɗauke? Duk saƙon da ta nuno a fuskarta a rubuta shi a takarda harafi da harafi, ko a ɗauki hotonsa da waya. Wannan saƙo shi ne bakin mara lafiya, kada a yi saurin rufe shi.

Mataki na biyu, idan manhaja ta daskare, a ba ta minti biyu ko uku, domin tsohuwar kwamfuta takan yi nauyi ba tare da ta lalace ba. In ta ƙi motsi, kada a zare waya daga soket. A danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, wani allo zai fito da jerin manhajojin da ke aiki. A zaɓi wadda ta daskare, a latsa End task. Daga nan a sake kunna kwamfutar ta hanyar Restart. A lura da wannan: a Windows 10 da 11, kashewa ta Shut down takan adana wani sashe na halin da kwamfutar take ciki don ta yi saurin tashi gobe, sai matsalar jiya ta kwana ta tashi da ita. Restart ita ce ke wanke allon tas.

Mataki na uku, a duba abubuwa uku da kan sa a zargi manhaja alhali ba ta da laifi. Na ɗaya, kwanan wata. A cikin akwatin akwai ƙaramin batiri mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, shi ke riƙe agogo idan an kashe kwamfuta. In ya mutu, sai kwanan wata ya koma shekarun baya, manhajar shiga intanet ta riƙa ƙin buɗe shafuka tana gargaɗin rashin tsaro. A gyara kwanan wata, a canja batirin, magana ta ƙare. Na biyu, sararin faifai. Idan layin da ke nuna cikar faifan C ya koma ja, manhajoji ba su da filin juyawa. A kwashe finafinai da hotunan biki, a zubar da kwandon shara. Na uku ya shafe mu masu koyar da Hausa. Tun a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da salon haruffa masu ƙugiya don kwamfuta, kuma an buga takardun Hausa masu yawa da irin waɗannan salo. Idan aka buɗe irin wannan takarda a kwamfutar da babu salon a cikinta, sai a ga alamomin baka ko haruffan q da x da v sun maye gurbin ƙ da ɗ da ɓ. Takardar ba ta lalace ba. A nemo salon da aka buga ta da shi a girka, haruffan za su dawo.

Mataki na huɗu, idan fayil ne ya ji rauni, Word da Excel suna da maganinsa a cikinsu. A buɗe manhajar ita kaɗai, a je File, a je Open, a nemo fayil ɗin a zaɓe shi ba tare da an buɗe ba, sannan a latsa 'yar kibiyar da ke gefen maɓallin Open, a zaɓi Open and Repair. Haka kuma Word takan ajiye kwafin wucin gadi duk bayan minti 10, don haka aikin da wuta ta katse sau da yawa yakan bayyana a gefen hagu idan aka sake buɗe ta. A karɓe shi nan take, a ajiye da sabon suna.

Mataki na biyar, idan manhajar ce da kanta. A riƙe maɓallin Ctrl yayin da ake buɗe Word, za ta tambaya ko a tashe ta cikin yanayin kariya, wato ita kaɗai ba tare da ƙarin kayan da aka liƙa mata ba. In ta yi aiki a haka, to ɗaya daga cikin waɗannan ƙarin kaya ne ke shaƙe ta, sai a kashe shi. In ba ta yi ba, a shiga Control Panel, a je Programs and Features, a zaɓi Microsoft Office, a latsa Change. Tsofaffin Office irin na 2007 da 2010 za su nuna Repair. Sababbi za su nuna zaɓi biyu: Quick Repair, wanda ba ya buƙatar intanet kuma da shi ake farawa, da Online Repair, wanda ke sake sauko da manhajar yana cin data mai yawa. Gyaran nan yana maye fayilolin manhajar da suka lalace, ba ya taɓa takardunmu. Wasu manhajojin kuma a Settings, ƙarƙashin Apps, ake samun nasu maɓallan, Repair da Reset. A kiyaye bambancinsu: na farko gyara ne kawai, na biyu yana share bayanan da manhajar ta tara a cikinta.

Mataki na shida shi ne cire manhajar a sake girka ta, kuma yana da sharaɗi. Kada a cire sai an riƙe fayil ɗin girkawa a hannu, tare da lambar lasisi in tana da ita. Cire Word ba ya goge wasiƙun da aka rubuta da ita. Amma manhajar da ke tara maki ko sunayen ɗalibai a cikin cikinta, ita kam tana iya tafiya da su, sai an fitar da bayanan tukuna. Makarantar da ba ta da kuɗin lasisi tana da mafita ta halal: LibreOffice kyauta ce, tana buɗe takardun Word da Excel, fayil ɗin girka ta bai kai rabin gigabait ba, kuma ana girka ta ba tare da intanet ba. Ba mu manta watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin Jihar Zamfara, muka yi makonni babu kira babu intanet. Wanda bai tanadi kayan gyaransa a filashi ba, a irin wannan lokaci sai dai ya zuba wa kwamfuta ido. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na bakwai, idan alamu sun nuna Windows ce. A rubuta cmd a wurin bincike, a buɗe shi da izinin mai gudanarwa ta hanyar Run as administrator. Baƙin allo zai fito. A rubuta sfc /scannow a danna Enter, a bar shi har ya kai 100 bisa 100. Wannan umarni yana bin fayilolin Windows ɗaya bayan ɗaya, yana maye waɗanda suka lalace da kwafin da ta ɓoye. In ya ce ya ga ɓarna amma ya kasa gyarawa, a Windows 10 da 11 sai a rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth alhali akwai intanet, sannan a maimaita na farko. Umarnin chkdsk /f kuma yana duba tsarin faifan ajiya ya daidaita shi. Duk waɗannan a yi su lokacin da wuta take tsaye, domin katse su ƙarin ciwo ne. Akwai kuma System Restore, mai mayar da Windows halin da take ciki a wata rana da ta wuce ba tare da taɓa takardu ba, sai dai yana aiki ne idan an kunna shi tun kwamfutar tana lafiya. Ina roƙon kowa ya duba nasa da zarar ya koma makaranta.

Game da ƙwayar cuta, wadda ta fi addabarmu ita ce mai mayar da jakunkunan filashi su zama gumaka masu 'yar kibiya a gindi. Mutane kan ɗauka aikinsu ya salwanta, su yi wa filashin fomatin, alhali fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. Kada a latsa gumakan, domin latsawar ce ke yaɗa cutar. A fara bincike filashin da Microsoft Defender, mai gadin da ke zuwa cikin Windows 10 da 11, sannan a baƙin allon nan a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan harafin filashin E ne. Fayilolin za su fito fili. Kada kuma a tara masu gadi biyu a kwamfuta ɗaya, faɗa za su yi ta yi, ita kuma ta yi nauyi.

Kada wani ya ɗauka wannan lalura ta ƙauye ce. Ranar 19 ga Yuli 2024, wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike na Amurka ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows, bisa ƙiyasin Microsoft. Jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya a ƙasashe da dama. Maganin da injiniyoyi suka bayar shi ne a tashi kwamfutar cikin yanayin kariya a goge fayil ɗin da ya haddasa rikicin, sauran komai a bar shi yadda yake. Sun gano ciwon ne tukuna, suka yi masa magani daidai girmansa. A gefe guda kuma, cutar WannaCry da ta bazu a watan Mayu na 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta shiga ne ta wata kafa da Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe ta tun watan Maris. Waɗanda suka yi sakaci da sabuntawa su ta kama. Wannan ya shafe mu, domin kamfanin ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, ya kuma sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshe ga Windows 10. Kwamfutar da ke kan tsohuwar Windows tana iya ci gaba da buga takardu, amma a rage shiga intanet da ita, a kuma tsare ta daga baƙin filashi.

Akwai inda ya kamata malami ya tsaya. Idan faifan ajiya yana ƙara ƙas-ƙas, ko ana jin ƙaurin ƙonewa, ko shuɗin allo yana ta dawowa, ko kwamfuta tana kashe kanta bayan 'yan mintoci, to matsalar ta gini ce. A kwashe fayiloli in hali ya yi, a kashe ta, a nemi mai gyara. Masu gyara da yawa mutanen kirki ne, sai dai fomatin ya fi musu sauri. Don haka a gaya masa ƙarara cewa akwai bayanan makaranta a ciki, kada ya share komai sai an kwafa a gaban wakilin makaranta. A tuna kuma sunayen yara da na iyayensu amana ce, musamman a halin tsaron da muke ciki. Kada a bar kwafinsu a kwamfutar shago.

Zan rufe da shawarwari ga reshe, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace makaranta mai kwamfuta ta ware littafi guda da za a riƙa rubuta ranar da matsala ta faru, da saƙon da ya fito, da abin da aka yi. A ƙarshen kowane zangon karatu a kwafi bayanai a filashi biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a hannun hedimasta, a kuma buga sakamako a takarda. Shugabannin makarantu su kai wa kwamitin iyaye da al'umma buƙatar sayen na'urar riƙon wuta, wadda ake kira UPS. 'Yan mintocin da take bayarwa sun isa a ajiye aiki a kashe kwamfuta cikin tsari. A bar janareta ya daidaita kafin a kunna kwamfuta, a kuma kashe ta kafin a kashe shi. A rufe ta da ƙyalle idan tana kashe, a buɗe ta idan tana aiki. Reshe ya tanadi filashi ɗaya mai ɗauke da manhajojin halal da kowa zai iya ara. Sannan muna da 'ya'ya da ƙanne da ke karatun kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, da Kwalejin Ilimi ta Maru. Mu gayyace su lokacin hutu su zauna da mu yini ɗaya, kowa ya gwada waɗannan matakai da hannunsa, domin gani ya kori ji.

'Yan'uwa, mu ne muke cewa yaro ya karanta tambaya sau biyu kafin ya ɗora alƙalami. Wannan ladabin ake buƙata a gaban kwamfuta: a kwafi aiki, a karanta saƙo, a gwada ƙaramin magani kafin babba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da aka damƙa mana, Ya dawo mana da zaman lafiya a Jangeru da Shinkafi da Zurmi da Ƙaura da jiharmu baki ɗaya.